Miyar da ba ta jiran tuwo

Daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Afrilu, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ta nufi Daura, idonsa zai ƙoshi da ja. Kwandunan tumatir ne jere a bakin titi, wasu an lafta wa a-kori-kura, wasu an ɗaure a bayan babur, a gefen ƙauyuka kuma ga wanda aka tsattsaga aka shanya, yana jiran rana ta mayar da shi kauɗa. Masu noman rani na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura kusan lokaci guda suke dashe, bayan ɗaukewar damina da shigowar sanyi, don haka lokaci guda amfaninsu yake nuna. Kasuwa takan cika ta batse, farashi ya faɗi warwas, har a kai ranar da manomi zai lissafa kuɗin kwando da na masu tsinka da na mota, ya ga barin tumatirin a gona ya fi kai shi kasuwa sauƙin asara.

A cikin waɗannan makonni na yalwa, abin da ake yi da tumatir a yawancin gidajen yankin ba ya canzawa. Ana kai shi inji a markaɗo tare da tattasai da attaruhu da albasa, a tafasa har ruwansa ya tsotse, a antaya mai a soya, ya zama jar miya ko ya shige cikin dafa-duka. Aikinsa ke nan: ya ba da launi, ya riƙe mai. Gidan da miyarsa ke cin tumatir goma, goman za ta ci ko da kwando ya koma kuɗin goro, domin tukunyar miya ba ta ƙara girma don kasuwa ta yi araha. Bayan wata uku kuma, idan zafi ya ƙone gonaki damina ta kawo kai, gidan nan ne zai koma sayen tumatirin leda a shagon unguwa.

Akwai wani girki da yake cinye kilo guda na tumatir a tukunya ɗaya, ya kammala cikin rabin sa'a, ba ya neman nama, man da yake sha kuma bai wuce cokali biyu ba. Ana ganinsa a bidiyoyin girki na ƙasashen waje, shi ya sa ake yi masa kallon abincin otal. Amma duk abin da yake bukata yana nan a kasuwar Kazaure, dabarar da ke ba shi kauri da sulɓi kuma tsohuwar dabara ce a madafar Bahaushiya.

Abin da ba shi da suna

Bahaushe yana da tsari a kan duk abinci mai ruwa-ruwa. Miya abokiyar tuwo ce, ba a lissafa ta abinci ita kaɗai. Shi ya sa aka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Romo ruwan nama ne ko na kifi, kurɓarsa ake yi. Farfesu romo ne da ya sha yaji, ana kai wa mai jego da mai mura. Kunu da koko na hatsi ne, fate kuma tsaki ne da ganye. A duk jerin nan babu gurbin kayan miya da aka dafa, aka niƙa, aka zuba a kwano aka sha da cokali a matsayin abinci mai zaman kansa. Rashin gurbin ne ya hana shi suna, rashin sunan kuma ya sa yake kama da baƙo. A nan za a kira shi romon tumatir, tunda sha ake yi, ko da yake kaurinsa ya fi kusa da na kunun gyaɗa.

Baƙunta kuwa ba aibi ba ce a tukunyar ƙasar Hausa. Tumatirin kansa asalinsa yammacin Kudancin Amurka ne, mutanen Meziko suka mayar da shi abin noma, kuma daga kalmarsu ta tomatl sunansa ya bi duniya har ya iso nan. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A 1544 wani likita ɗan Italiya, Pietro Andrea Mattioli, ya ambace shi a littafinsa na tsirrai. Attaruhu da tattasai da kabewa duk daga nahiyar Amurka suka fito. Haka ma gyaɗa, wadda daga baya aka gina dala da buhunanta a Kano. Kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa su ne tsofaffin 'yan gari. Jar miyar da yau ake ganin babu biki sai da ita, ita ma an taɓa yi mata kallon sabon abu.

Kwanon Hajiya

Wata malama da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Kazaure ta iso ga wannan romo ne ta ƙofar asibiti. Uwar mijinta, dattijuwa da ta haura shekara saba'in, an ɗauko ta daga wani ƙauye na ƙasar Roni bayan jiri ya kayar da ita a tsakar gida. Aka auna aka samu jininta ya hau ƙwarai. Likita ya rubuta magani, ya kuma yi gargaɗin da duk gidan da ke da irin wannan mara lafiya ya haddace: a rage gishiri, a rage dunƙule, a rage mai.

Gargaɗin yana da sauƙin faɗa a ɗakin likita. Da malamar ta bi shi a kicin, sai miya ta fito lami, domin jar miyar da aka cire wa mai da gishiri da dunƙule babu abin da ya rage mata sai tsami. Tsohuwa ta riƙa taɓa abinci tana turewa. Haƙoranta ba sa iya nama, sai ta koma rayuwa a kan koko da shayi mai sukari da biredi. Cikin mako uku rama ta bayyana a wuyanta. Duk wanda ya san zaman gidan Bahaushe ya san cewa uwar miji ta rame a hannun matar ɗa, maganar ta wuce ta lafiya. Magana ce da za ta kai kunnen dangin miji kafin ta kai kunnen likita. Ga shi malamar ba ta dawowa daga makaranta sai bayan azahar, da tarin littattafan ɗalibai a jaka, babu halin ɗora tukunya biyu masu cin lokaci kowace rana.

Ana cikin haka wani ɗan'uwan mijin ya aiko da kwandon tumatir daga gonarsa, irin kyautar da ake yi a lokacin da sayarwa ba ta da riba. Wutar lantarki ba ta zama, firji ya zama kabad, na ƙasan kwandon ya fara laushi. Malamar ta tuna da wani bidiyo da ta taɓa gani a waya, ta sake buɗe shi. Mai girkin tana neman kirim na kwali, da bota, da wani ganyen ƙamshi, da na'urar markaɗe ta hannu. Ko ɗaya babu a gidan. Sai ta tambayi kanta abin da kowanne yake yi a cikin tukunyar. Kirim yana kawo kauri da gardi, yana kwantar da tsami. Wannan kuwa aikin da gyaɗa da kabewa suke yi ne a miyar taushe tun zamanin kakanni.

Da ta kai kwanon, tsohuwa ta dube shi, ta leƙa bayan tiren.

"'Yar nan, ina tuwon?"

"Hajiya, wannan sha ake yi, kamar kunu."

"Miya kamar kunu? Allah Ya kyauta."

Ta kai cokali ɗaya baki don kada a ce ta ƙi. Ta kai na biyu. Can ta ce, "Wannan ai taushe ce aka hana ta ganye." Ta shanye kwanon, ta miƙo shi ba tare da ta ce a ƙara ba, malamar kuma ta gane.

Yadda ake haɗa shi

Don mutum huɗu ana bukatar tumatir kilo ɗaya, wato kamar goma zuwa sha biyu matsakaita. Wanda ya nuna sosai a jikin uwarsa ya fi, domin zaƙinsa ya fi yawa, tsaminsa ya ragu. Dogon nan mai tauri da 'yan kasuwa ke kira UTC yana da nama da ƙarancin ruwa, don haka romonsa ya fi kauri. Laushi ba laifi ba ne, amma wanda ya fashe ya fara wari ko ya yi furfura, a zubar da shi gaba ɗaya, ko da mai sayarwa ya karya farashinsa. Sai babbar albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗan guntun ɗanyar citta, tattasai ɗaya, attaruhu rabi ko ɗaya gwargwadon masu sha, da yankin kabewa kamar faɗin tafin hannu, ko karas biyu idan babu kabewa. Sai man gyaɗa cokali biyu na cin abinci, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu, daddawa kaɗan, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwa kofi biyu, da kindirmo idan ana so.

A wanke tumatirin da kyau, wanki biyu ko uku, domin gonakin rani suna shan feshin maganin ƙwari, hanya kuma tana ba shi ƙura. A ɗora tukunya a wuta marar ƙarfi, a zuba mai, a sa yankakkiyar albasa. Wannan shi ne matakin da ba ya son gaggawa: minti biyar ana juyawa har ta yi laushi ta fara sheƙi, ba tare da ta ƙone ba. A nan zaƙin romon yake fitowa. Sai a sa tafarnuwa da citta da daddawa da aka daka tare, a juya na minti ɗaya. A zuba tumatir da tattasai da attaruhu da aka yanka manya-manya, da kabewar da aka yanka ƙanana ko aka goga don ta yi saurin nuna. A ƙara ruwa, a rufe, a ƙara wuta, a bar shi minti goma. A buɗe a ba shi wasu minti biyar don ruwan ya ragu.

Idan akwai wuta, sai a sauke a bar shi ya ɗan huce kafin a zuba a bilenda. Kada a cika ta fiye da rabi, kuma a danne murfin da tsumma, domin tururi yakan cilla murfi ya ƙona fuska. Idan babu wuta, maburgin da ake kaɗa miyar kuka ya wadatar: tumatirin da ya dahu ba ya gardama, a burga shi a cikin tukunyar, sannan a tace da rariya ana dannawa da bayan ludayi. Abin da zai rage a rariyar ɓawo ne da 'ya'ya. Mai son sulɓi sosai zai tace ko da bilenda ya yi amfani.

A mayar da shi wuta. A ɗebi ludayi ɗaya na romon a dama gyaɗar a kwano har ta saki, sannan a juye a tukunya, domin idan aka jefa ta a dunƙule gudaji za ta yi. Gyaɗar ta zama mai kyau, wadda aka tsince kafin a soya a markaɗa. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci tana iya ɗauke da gubar fumfuna wadda dahuwa ba ta kashewa. A bar shi ya yi minti biyar a ƙaramar wuta ana juyawa, har launinsa ya tashi daga ja ya koma ruwan goro mai haske. Sai a sa gishiri, a ɗanɗana, a sauke. Ganyen ɗoɗɗoya biyu ko uku da ɗan garin masoro suna ƙara masa ƙamshi. Daga kunna wuta zuwa saukewa, rabin sa'a ne.

Tsami, kanwa da kindirmo

Abu biyu ne suka fi ɓata wa mai farawa wannan girki, kuma tushensu ɗaya: tsamin tumatir. Na farko shi ne ɗanɗano. Al'adar gida ita ce a jefa 'yar kanwa, a ga kumfa ta taso, tsami ya mutu. Dabarar tana da hujja, domin kanwa tana ɗauke da sinadaran da ke kashe tsami, kumfar kuma iskar da ke fita ce yayin da suka haɗu. Matan Turai da Amurka ma suna yin haka da hodar soda ta yin burodi. Sai dai kanwa tana da farashin da ba a gani: sodiyam ne a cikinta, wato sinadarin da ya sa ake hana mai hawan jini gishiri, kuma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Wanda ya cire gishiri ya ƙara kanwa ya fitar da abu ta ƙofa ne ya shigo da shi ta taga. Albasar da ta dahu a hankali da kabewa da karas ba sa cire tsamin, amma zaƙinsu yana daidaita shi a harshe, gyaɗa kuma ta lulluɓe abin da ya rage.

Na biyu shi ne tsinkewar madara. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san abin da ke faruwa idan ruwan tsami ya sauka a tafasasshiyar madarar waken suya: nan take take kamawa, ruwa ya ware gefe. Madarar shanu ma haka take yi idan ta haɗu da tsami da zafi lokaci guda. Kirim ɗin Turawa yana jurewa ne saboda yawan kitsensa, kindirmo kuwa ba shi da wannan kariya. Don haka ba a zuba shi a tukunyar da ke kan wuta. A sauke, a bar tafasar ta kwanta, a kaɗa kindirmon a kwano, a zuba masa cokali biyu na romon a juya don ya saba da ɗumi, sannan a ɗora cokali ɗaya a kan kwanon kowa. Kindirmon ya kasance na madarar da aka dafa, daga hannun da aka yarda da tsaftarsa.

Wanda ba ya cin gyaɗa yana da mafita. Riɗi, wanda Jigawa take cikin jihohin da suka fi noma shi a Najeriya, idan aka soya shi sama-sama aka markaɗa yana yin aikin, sai dai yana da ɗan ɗaci, don haka cokali ɗaya ya isa. Dankalin Hausa guda ɗaya da aka dafa tare da tumatirin shi ma yana ba da kauri.

Abin da jiki yake samu

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da wanda ke ɓoye a biredi da dunƙule da abincin leda. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma tukunyar miya ɗaya takan ci huɗu ko biyar kafin a kai ga gishirin kansa. A romon da aka bayyana, rabin ƙaramin cokali ne aka raba wa mutum huɗu, kowa bai samu giram ɗaya ba. Abin da ya sa bai fito lami ba shi ne tumatirin da ya nuna yana ɗauke da gulutamet, sinadarin da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen ɗanɗanon da ke sa romo ya yi daɗi, kuma shi ne ake sarrafawa a zuba a dunƙule. Daddawar ƙalwa ma tana samar da shi a lokacin da take ruɓa. Tumatir mai yawa da daddawa kaɗan suna kawo abin da ake nema a dunƙule, ba tare da tarin gishirinsa ba.

Hukumar ta kuma ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Kwano ɗaya na wannan romo yana ɗauke da fiye da rabin hakan. A cikin jar miya kuwa, abin da ke isa ga mutum ɗaya ludayi ne ko biyu, rabinsa mai.

Akwai masu ganin dafa tumatir yana kashe amfaninsa. Gaskiyar ta rabu biyu. A 2002, masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Rui Hai Liu, sun dafa tumatir a zafin digiri 88 na tsawon minti 30. Bitamin C ya ragu da kashi 29 cikin 100, amma laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launi, wanda aka iya samu daga cikinsa ya ninka fiye da sau biyu, domin zafi yana fasa ƙwayoyin da suka riƙe shi. Laikofin a cikin mai yake narkewa, don haka cokali biyun nan na man gyaɗa da gyaɗar kanta suna taimaka wa hanji ya tsotse shi. Gajeriyar dahuwa da ɗan mai ita ce tsaka-tsakin da ta fi dacewa, saɓanin suyar sa'a guda da ake yi wa jar miya.

Romon tumatir abinci ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna, saboda tumatir yana da fotasiyam da yawa. Mai fama da ƙwannafi zai iya jin tsamin ya tayar masa, sai ya rage ko ya bari. Kuma abinci ne marar nauyi: ga ma'aikacin da ya wuni a kujera yana neman rage tumbi, kwano ɗaya da yankin gurasa ya isa abincin dare, ga tsoho ko yaron da ake so ya yi ƙiba, sai a yanka masa dafaffen ƙwai ko a zuba dafaffen wake a ciki. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacin arahar tumatir, kuma kwanon romo mai ɗumi bayan dabino ya fi sauƙi ga cikin da ya wuni babu komai a kan jerin soye-soyen da aka saba.

A gidan malamar, romon ya zauna sau uku a mako. Tsohuwa tana shan maganinta, ramar ta tsaya, ta kuma aika ƙauye aka kawo mata daddawar da ta yarda da ita, domin ta kasuwa a ganinta ba ta da hali. Abu ɗaya ne ba ta sallama ba. Duk ranar da aka kwana da sauran tuwo, sai ta sa a ɗumama mata, ta gutsuttsura a cikin kwanon.

Kowa da abin da ke rumbunsa

Abin da tsohuwar ta yi ba sabo ba ne a duniya. A yankin Taskani na Italiya, manoma suna zuba busasshen burodi a romon tumatir har ya narke. A Ƙurɗuba, tsohon birnin Andalus, ana niƙa ɗanyen tumatir da burodin jiya da man zaitun da tafarnuwa, a sha da sanyi lokacin zafi, kuma sulɓinsa ya kai na kirim alhali babu ɗigon madara a ciki. A kudancin Indiya tumatir da tsamiya da masoro ake haɗawa a yi romo tsararo. Wanda duniya ta fi sani, na gwangwani, ya samo asali ne a 1897, lokacin da John Dorrance, masanin sinadarai a kamfanin Campbell na Amurka, ya samo hanyar rage ruwan romo don gwangwani ya ƙanƙance, jigila ta yi sauƙi. Kowace ƙasa ta nemo kaurin romonta daga abin da ke rumbunta. An ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, kuma mai neman kirim na kwali a Kazaure alhali ga gyaɗa da riɗi da kindirmo a kasuwa ya shiga cikin karin maganar.

Daga tukunya zuwa gona

Matsalar tumatirin Arewa ta fi ƙarfin kicin. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na abin da Najeriya ke nomawa yana lalacewa kafin ya isa tukunya, galibi a cikin kwanduna da aka jibga kan juna a doguwar tafiya zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ce masana'antar Dangote da ke Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ta fara aiki, ta kuma tsaya saboda rashin isasshen kaya. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100 don kare manoman gida. Duk da haka manomi yana nan tsakanin watannin da kaya ke ruɓewa a hannunsa da watannin da ba shi da abin sayarwa.

Kwanon romo ba zai gina ɗakin sanyi ba, ba zai gyara hanya ba. Abin da yake iyawa ƙarami ne, amma yana hannun kowane gida: tumatirin da aka ci a garin da aka noma shi bai shiga mota ba, bai ruɓe a hanya ba, kuɗinsa kuma ya tsaya kusa da wanda ya yi ban-ruwa. Gidan da ya ƙara kilo uku a mako a kan abin da miyarsa ke ci, ya zama mai saye a daidai lokacin da manomi ya fi bukatar mai saye.

Lokacin tsada ma yana da tanadi, kuma tun a Maris ake yin sa. Kauɗar da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa a ƙasa aka shanya ta, shi ya sa take zuwa da yashi. Wadda aka yi a gida ta fi tsafta: a wanke tumatir, a tsaga biyu ko huɗu, a jera a kan tabarma ko raga da aka ɗaga daga ƙasa inda awaki da kaji ba sa kaiwa, ɓangaren da aka yanka yana kallon sama, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura. Busasshiyar iskar rani takan gama aikin cikin 'yan kwanaki. Idan ta bushe ƙayau, a adana a mazubi mai murfi nesa da laima. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, don haka kwando guda yakan ƙanƙance ya koma ɗan kaɗan. A watan Yuni, idan aka ɗebi cikin hannu biyu aka jiƙa a ruwan zafi na minti ashirin, aka dafa da ruwan jiƙon, romon yana fitowa da launi mai duhu da ɗanɗano mai ƙarfi fiye da na ɗanye. Tsaminsa ya fi yawa, don haka sai a ƙara kabewa, gyaɗar kuma a kai ta cokali uku.